La'adar kuɗin da ban gani ba

Ko na manta komai na zamana a birnin Greensboro, can ƙasar Turawa, ba zan manta da ranar da na ɗauki dattijonmu Alhaji muka je neman ragi a wani kamfani ba.

Lokacin ina aiki a masana'antar kujeru, na sayi tsohuwar mota bashi. Ashe mai sayarwar ya cusa mini wata inshora a ciki, wai in na kwanta ciwo za ta riƙa biya mini bashin. Ban nema ba, ban ma san da ita ba, sai da wani kamfani ya bugo ya ce an cuce ni, kuma za su karɓo mini haƙƙina. Suka aiko takarda na sa hannu, bakina har kunne. Na ga an rubuta kashi ɗaya cikin uku nasu ne, ban damu ba. Ni a kasuwar Maraɗi na tashi, inda sai kuɗi sun shiga hannu ake zama da dillali kan la'ada, ya faɗi nasa ka faɗi naka.

Bayan wasu watanni suka ce an yi nasara, in biya su. Na duba banki, babu komai. Na kira masu bashin mota, suka ce ai an mayar da kuɗin, an cire daga bashina. Na koma wa kamfanin na ce ban ga kuɗi ba, suka ce na gani mana, tunda bashi ya ragu. Amma abin da nake biya duk wata yana nan yadda yake. Kaina ya ɗaure tamau. Ga shi kuɗin da ke hannuna na tikitin matata ne, ta samu biza tana jira a gida.

Na kai kuka wurin Alhaji, dattijonmu a East Greensboro, mai sasanta duk rigimar 'yan gida.

Ya ce, "Wane irin dillali ne zai ci la'ada mai kaya bai ga kuɗi ba? Tashi mu je office ɗin."

Ɗaki guda ne wajen unguwar Sedgefield, wata budurwa ita kaɗai a bayan kwamfuta. Alhaji ya gyara babbar riga, ya gaishe ta har da tambayar mutanen gida, ina fassarawa.

Ya ce mini, "Ce mata kai ɗana ne, mun ba da rabin abin da suke nema."

Ta dube mu, ta ce rabin me? Ta juyo da takarda ta nuna mini sa hannuna.

Alhaji ya ce, "To ta kira patron ɗinsu, mai kamfanin."

Ta ce yana wata jiha, ita ma ba ta taɓa ganinsa ba. Alhaji ya raɗa mini, "Mu tafi a hankali, za ta kira mu kafin mu kai ƙofa."

Muka kai ƙofa. Muka kai mota. Muka tsaya jikinta cikin rana muna satar kallon tagar, budurwar kuwa har ta ɗauki wata wayar. Ban taɓa jin kunya da tausayin dattijo irin na ranar ba.

Da mutanen kamfanin suka ce za su kai ni wurin masu karɓar bashi, tsoro ya kama ni, na biya da kuɗin tikitin. Na kira matata na ce ta ƙara haƙuri sai bayan Salla. Ta ce, "Malam, ban gane ba. Kuɗi aka dawo maka da su, ko karɓe maka aka yi?"

Daga baya na ji cewa da ni na rubuta wa masu bashin da kaina, da ban biya kowa komai ba. Tun ranar na gane cewa a ƙasar nan ciniki kafin sa hannu ake yin sa. Da ka ajiye biro an tashi kasuwa, ko da wane dattijo ka zo.