Matar da Garin Suwedru Ya Sani

Ato Bentsil aski yake yi a bakin tashar Suwedru kafin mijina, Kwamina, ya ɗauke shi cikin ƙungiyarsu ta wasan dariya. A lokacin mata ba su cika hawa dandali ba, sai a nemo namiji siriri a ɗaura masa zane. Ato siriri ne, ga dogon wuya, ga murya da yake matsewa ta koma ta sauro. Shi ya zama Anti Araba, matar mijina a wasa.

Ni daga coci sai teburina na dokunu, tuwon masarar da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi. Amma labari yana iske ni a kasuwa.

"Mame Ekuwa, jiya matar mijinki ta bi shi da taɓarya har cikin 'yan kallo. Ke kina ina?"

"Ina gida ina dafa abin da zai ci in ta gama dukansa."

Su kwashe da dariya, ni in ci gaba da naɗe dokunu.

Ato yakan zo cin abinci gidanmu, da ladabinsa, kai a sunkuye. Ashe kallona yake. Ina da wani ɗan gyaran murya da nake yi kafin in roƙi Kwamina abu. Ba a jima ba Anti Araba ta fara yin sa a dandali, duk inda na gifta sai in ji direbobi suna gyaran murya.

Sau ɗaya na je kallo. Anti Araba ta murguɗa baki ta faɗi wata magana, sai na ga mijina ya juya wa jama'a baya, kafaɗunsa na rawa. Wannan ba wasa ba ne, dariyar gaske ce ta kama shi. Ni kuwa in ya dawo daga zagayen wasa a ƙauyukan manoman koko, murya a dishe, abin da nake samu shi ne, "Ekuwa, akwai ruwan zafi?"

Da Ubangiji ya karɓi ran Kwamina, direbobi da matan kasuwa suka nemi Anti Araba ta fito ta yi kukan mijinta a wurin jana'iza. Babban danginsu ya zo neman yardata.

"Egya, ku yi haƙuri," na ce masa, don haka muke kiran uba. "Mace ɗaya ya kai coci."

Ato bai yi gardama ba. Ya zo da baƙin mayafin maza a kafaɗa, gemu ba aski, ya zauna can baya. Masu gaisuwa suka bi layi, kowa ya taɓa hannuna ya wuce. Da suka isa wurinsa, a nan suka fashe da kuka. Ina ji, ban waiwaya ba.

Bai sake ɗaura zane ba. Ya koma askinsa. Ran Lahadi bayan coci yakan zo, in zuba masa kifi.

"Ato, me Kwamina yake ce muku a mota in kun fita zagaye?"

Sai ya ajiye lomarsa, ya karkace baki, muryar Kwamina ta fito sak, da labaran da ban taɓa ji ba. In yi dariya har da hawaye, daga baya in katse shi.

"Ya isa haka, ci abincinka."

"Saura na ranar da taya ta fashe mana a garin Oda."

"Wannan ma bai gaya mini ba."

"To in bari?"

Na tura masa barkono gabansa. Na ce ya faɗa.