Isyaku Direba da Hoton da Ke Tsagewa

Shekara ashirin da bakwai Isyaku ya yi yana jan babbar mota, yana kai masara daga Rogo zuwa kasuwannin kudu. Ciwon baya ne ya raba shi da sitiyari, ya koma gidansa na Beli ya zauna. Noma ya gagare shi, hirar majalisa kuma ba ta taɓa yi masa daɗi ba. Da 'yarsa Radiya, wadda ke aikin jinya a Ƙaraye, ta ga yana ramewa, sai ta ba shi tsohuwar laftof ɗinta, ta sa masa wasan tuƙin tirela.

Da fari ya ce abin yara ne. Kafin sati ya zagayo, sai an yi masa kiran abinci sau uku yake ɗago kai. Abu ɗaya ne ya dame shi: duk sanda ya sha kwana, hoton sai ya tsage gida biyu, saman titin ya yi gabas, ƙasansa ya yi yamma.

Ya ɗauki laftof ɗin ya kai wa Sulle mai gyara, a bakin tashar Ƙaraye. Shagon cike yake da mutane. Sulle ya duba sama-sama ya ce, "Baba, allon nan ya mutu, sai an sa sabo. Amma kai da wasa? Motar gaske ta sauke ka, ga ta ƙarya ma ta ƙi ka. Ka je ka riƙe carbi."

Aka kwashe da dariya. Isyaku ya rufe laftof ɗinsa a hankali, ya fita ba sallama. A hanyar gida ya rantse sai Sulle ya haɗiye maganar nan a gaban jama'a.

Ranar hutunta Radiya ta zo Beli, suka zauna a zaure tun hantsi. Tana karanta bayanan Turanci a kan laftof ɗin, yana jera tambayoyi. Can ta ce, "Baba, na gano. Akwai manhajar da ke tura hoto zuwa allo, direba ma ake ce mata. Tana turowa da sauri fiye da yadda allon zai iya karɓa, shi ya sa hoto ke hawa kan hoto."

"Wato totur ya fi ƙarfin giya," in ji shi. "To, rage masa wuta."

Ta shiga saitin direban ta kunna abin da ake kira bi-sink, mai sa direban ya jira allo. Tsagewar ta ɓace, sai dai Isyaku ya ji sitiyarin ya ɗan yi nauyi. Suka tsayar da hotunan a sittin cikin daƙiƙa, suka jona caja, tirela ta tafi sumul. Ya sa ta maimaita masa har ya iya da kansa.

Ran kasuwa ya shimfiɗa tabarma a rumfar abokinsa Ƙasimu mai faci, daidai ƙofar shagon Sulle, ya ƙure ƙarar wasan. Mutane suka taru.

"Ku zo ku ga allon da ya mutu!" yake ta faɗa. "Ga gawa tana gudu!"

Wani malamin makaranta da ya fito daga shagon da tasa laftof ɗin ya tsaya, ya ce shi ma yanzu aka ce masa sai ya canja allo. Isyaku ya karɓa, ya daidaita masa nan take, ya ƙi karɓar komai. Kasuwa huɗu a jere yana haka, ko bayansa na ciwo sai ya zo.

A ta biyar Sulle ya tsallako, ya durƙusa ya yi ƙasa da murya. "Baba, don Allah a yi haƙuri."

"Ban ji ba. Ranar da ka yi maganar, har masu lodi sun ji ka."

Sulle ya ɗaga murya ya ce ya yi kuskure, allon lafiyarsa ƙalau. Isyaku ya ce ya yafe. Amma da Radiya ta ce to yanzu sai ya huta a gida, ya ce ai ya riga ya yi wa mutum biyu daga Gwangwan alkawarin kasuwa mai zuwa, kuma rumfar Ƙasimu ce kaɗai suka sani.