Ƙafar ɗan kabu-kabu

Shekara shida na yi ina kabu-kabu da babur tsakanin Jega, Aliero da Maiyama. Ran da na samu gurbi a makarantar koyon tuƙin jirgin sama, har rawa na taka a tasha, na ce wa abokan sana'a su dinga ɗaga kai, za su gan ni. Baki dai shi ke yanka wuya.

Tashi bai ba ni wuya ba, sauka ce ta zame mini ƙarfen ƙafa. Ƙaramin jirgi ne mai kujera biyu, kuma in yana ƙasa da ƙafa ake juya shi: feda biyu, ka taka ta hagu ya yi hagu. To ni da taya ta dira, sai jirgi ya karkace hagu. A karo na uku ya bar titin sauka gaba ɗaya, muka kutsa ciyawa, ina salati, malamina yana ihu, "Sakar mini! Sakar mini!" Da ƙyar ya tsayar da shi. Ya ce gwaji ɗaya ya rage mini bayan hutu, in na sake, sai gida. Wallahi ba mutuwa na ji tsoro ba, dariyar 'yan tasha na hango.

Na dawo Aliero jiki a sanyaye. Ran kasuwar Jega na goya Baba a babur, a hanya ya tsare ni da tambaya har na amayar masa da komai. Manomin albasa ne, ko kusa da jirgi bai taɓa zuwa ba. Muna isa bakin kasuwa na rage gudu, sai na ji tas a cinya.

"Ga ta nan! Dubi ƙahwarka."

Na duba. Ƙafar hagu a miƙe, tana laluben ƙasa, babur bai ma tsaya ba.

"Ta dama na bisa burki, ta hagu na biɗar ƙasa, halinku na 'yan kabu-kabu," in ji Baba. "Kai jirgin mutane za ka tokare da ƙahwa?"

Kai! Ashe haka nake danne fedar hagu da taya ta dira. Na yi dariya har da hawaye, ga kunya. Sauran hutun kullum sai mun je Maiyama mun dawo, Baba a bayana da tsumagiya. Ƙafa ta motsa kafin babur ya tsaya, ya tsula mini, ni da gemuna.

Ranar gwaji taya na dira na ji cinyata ta yi zum, alhali ba wanda ya taɓa ni. Ƙafa ta zauna, jirgi ya bi titi sambal. Bayan sauka uku malam ya fita, ya ce in tashi ni kaɗai.

Da na sauko na kira Baba a waya. Ya ce, "Madalla. Bari in biya tasha in ce musu su ɗaga kai."