Bakan da Tela Ya Gada

Maƙwabcina tela ne, mutum marar yawan magana. Da mahaifinsa ya rasu, yayyensa suka raba gida da gona, shi kuwa ya ce a ba shi bakan tsohon kawai. Ya rataye shi a shago da tsirkiyarsa a ɗaure tamau, yadda marigayin ya bar shi ranar da ciwo ya kwantar da shi. Kullum sai ya goge shi kafin ya taka keke, har furfura ta fito masa.

Bara ya so ya miƙa wa ɗansa bakan, amma yana son ya ji ko zai yi harbi. Na raka shi wurin wani tsohon maharbi.

Maharbin ya ja tsirkiyar da yatsa biyu, ta biyo shi ba gardama. Ya ce, "Itace mai kyau, aikin gwani. Wa ya bar shi a ɗaure?"

"Ni ne, Baba. Ban so in kwance abin da ya ɗaura ba."

"Kai da ƙafa a kan keke kake kwana? Baka ma sai an kwance masa ya huta. Wannan kam ko kaza ba zai kayar ba."

Tela ya ce to. Da muka koma shago ya kwance tsirkiyar, ya tsaya yana kallo. Bakan bai miƙe ba. Ya mayar da shi kan ƙusa, ya jawo wandon da ya bari rabi.