Agwagin da Suka Biyo Ni Gida

Lokacin da abin ya faru ina koyarwa a wata firamare a Gwaram, an turo ni daga Birnin Kudu shekara guda bayan rasuwar maigidana. Ni kaɗai nake zaune a gidan da na kama. Mutanen unguwa suna girmama ni, ko'ina Malama Malama, ni kuwa babu abin da nake tsoro kamar a ce Malama ta yi kuskure.

Wata rana da damina, bayan an ɗauke ruwa, ina dawowa daga makaranta na hangi 'ya'yan agwagwa bakwai a cikin kwata, ruwa ya janyo su sun maƙale a yayi. Na tsamo su na zuba a mayafina. Kamata ya yi in kai cigiya gidan mai unguwa ran nan, yadda kowa ke yi da tsintuwa, amma na ce sai sun farfaɗo. Washegari, da nawa wayon, na cika musu baho da ruwa wai ai agwagwa 'yar ruwa ce, na tafi aiki. Na dawo na tarar biyu sun mutu, sun kasa fitowa sanyi ya gama da su.

A rana ta uku wata tsohuwa maƙwabciyarmu da kowa ke kira Inna, wadda kiwon agwagi shi ne abincinta, ta yi sallama tana cigiyar 'ya'yan agwagwarta. Ta ce nata duk suna da shaida, tana tsaga musu fatar ƙafar hagu. Kunyar biyun da na kashe ta rufe ni, na ce mata ban gani ba, alhali sauran biyar suna cikin kwali a bayan ƙyaure. Har rediyo na ƙara wa murya don kar ta ji kukansu.

Daga ranar na shiga uku. Zargi ya faɗa kan wata mai nono da ke zuwa daga rugar wajen Kwandiko, don an ga ta sauke ƙwaryarta a ƙofar Inna ranar ruwan. Mata suka daina sayen nononta, sai ni kaɗai nake saye, fiye ma da abin da zan iya sha. Wata rana ta ce min duk unguwar nan ni ce kawai na yarda da ita, Allah ya saka min. Wallahi na kasa haɗa ido da ita. Wata uku ina rufe da ƙofa, ba na barin kowa ya shigo, kullum ina wanke kashi don kar wari ya tona ni, dusa ma sai na je Birnin Kudu nake sayowa. In mayar da su ba hali, in yanka na kasa, ga su sun fara tashi suna hawa katanga.

Wata Asabar da sassafe na zuba su a kwando na lulluɓe, na kai su kududdufin da agwagin Inna ke wanka, na sake su da fatan su saje. Na juyo ina hamdala. Ina isowa bakin famfo inda mata ke layin ruwa na ji an kwashe da dariya. Na waiwaya, sai ga su biyar a jere a bayana, suna tafe suna rausaya. Ni suka sani uwa.

Inna tana cikin layin. Ta ɗaga ɗaya ta duba ƙafar, ta ajiye. Ba ta zage ni ba. Ta ce da na faɗa tun farko da biyu ta bar min ladan kiwo, waɗanda suka mutu kuwa ruwa na cin fiye da haka duk shekara. Sannan ta ce ba ita zan roƙa gafara ba.

Mai nonon ta riga ta daina shigowa garin. Sau biyu ina zuwa Kwandiko nemanta, na tarar sun tashi da shanunsu, babu wanda ya san inda suka nufa. 'Yan'uwa, in kun tsinci abu ku kai cigiya a ranar, in kun yi ɓarna ku faɗa tun tana ƙarama. Ni agwagi biyar na ceta, na bar baiwar Allah ta tafi da sunan ɓarauniya, kuma har yau ni take ɗauka mutumiyar kirki.