Tauren Saukar Kawu

Zamanin Turawa, 'yan shekaru kafin su naɗe tabarmarsu, ni ne mai duba azuzuwan yaƙi da jahilci tun daga Wurno har Goronyo. Aikin dai keke ne da rairayi. Abin da ya sa nike son shi, wani akwatin katako ne da nike ɗaurawa bayan keken, cike da sababbin littattafan hira da ake aiko muna daga Zariya. Duk wanda ya iya haɗa baƙi da wasali anka ba shi takardar shaida, wurina yake zuwa ya ce, Malam, wane za ni karantawa? Nan fa nike jin kaina. Ban miƙa ma mutum littafi haka siddan, sai na dube shi na auna shi. Falke in ba shi na tafiye-tafiye. Mai gardama in ba shi wanda alƙali ya kunyata mai gardama, ko Allah ya sa ya gane. Ina bugun gaba cewa ban taɓa zaɓa ma wani littafi ya komo ya ce bai yi mashi daɗi ba. Gaskiya ne kuwa, har da wanda zan ba da labarinshi. Da ma ya ce ba daɗi ya jefar, da na huta.

Kawuna ne, wan mahaifiyata. Mai fito ne a gulbin Rima, nan Goronyo, tun ba wanda ya yi mafarkin madatsa. Da damina shi da jirginshi, da rani in ruwa ya ja baya ya koma fadama ga albasa. Yana yaro ubanshi ya cire shi daga makarantar allo ya sa shi jirgi, ko izu biyar bai kai ba, kuma abin bai bar cin shi ba har furfura. Da anka buɗe ajin manya, shi ya fi kowa tsufa a ciki, shi ne kuma bai taɓa fashi ba. Rani biyu ya yi yana fama, ya samu takardarshi.

Ranar wata kasuwar Goronyo ya zo inda na kafe keke, ya ce in zaɓa mashi. Ban ko yi tunani ba. Akwai wani sabo da ya zo cikin watan, labarin wani mai fito da baƙo ya ba ajiyar jaka ya ce zai komo ya karɓa, shekaru suna ta wucewa, mutane na zuga shi ya buɗe, shi ko ya ƙi. Ba zan faɗi sunan littafin ba, wanda ya rubuta shi bai yi mani laifin komi ba. Na ce Kawu ga naka, ɗan'uwanka ne a ciki. Ya goge hannu ga riga kafin ya karɓa.

Kasuwa ta zagayo na koma, na sauka gidanshi kamar kullum. Sai ga Kawu ya fito da gafaka, irin jakar fatar nan da malamai ke ajiye littattafansu. Ya buɗe. Innalillahi! Ya ɓalle wayar da anka ɗinke littafin, ya sa aska ya raba shi falle-falle, ya jera tsakanin kwali biyu. Sabon littafi fil! Na hau faɗa, don ni tun ina yaro zuciyata kusa take, kowa ya sani. Ya bari har na gama, sannan ya ce ai haka ya ga littafin kowane malami, ɗinki na riga ne. Ya zare fallen farko, ya tuɓe takalmi, ya nuna mani buzun da yake salla a kai ya ce in hau. Shi kuwa ya zauna ƙasa.

"Bismilla, Malam. Biya mani."

Na ɗauka ba'a ce. Ashe ko kusa. Kwana bakwai littafin na hannunshi, bai karanta ko layi guda ba. Ga Kawu, littafi ba a shiga shi kai kaɗai. Malami ke biya maka, ka bi bakinshi, ka tafi ka yi ta bita, ka komo ka kawo karatu, in ya gamsu ya ƙara maka. Wanda ya buɗe gaba ba da malami ba, ya yi satar karatu, kuma ba albarka. Na ce Kawu wanga fa hira ce, kuma kai da kanka ka iya. Ya ce ya ji, in dai biya mashi.

Haka munka kama. Duk kasuwa falle guda, in ya yi ƙoƙari biyu. In karanta ya bi, yatsanshi mai kaushin sandar tuƙi yana rarrafe ƙarƙashin baƙaƙen. Ya sa tsinke inda munka tsaya. Wallahi akwai daɗi da farko, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa ganin wanda labari ya shiga jikinshi kamar Kawu ba. Da munka zo inda mai fiton ya ɗaure jirgi ga gindin kuka, ya ajiye falle ya ce wanga marubuci bai taɓa jiƙa ƙafa ba, wa ya ga kuka bakin ruwa? Ya aika anka kawo mashi alƙalami da tawada, ya gyara a gefen fallen da ɗan ajaminshi mai karkata. Da maƙwabta sunka taru suna zuga mutumen ya buɗe jaka, ran Kawu ya ɓaci har ya ƙi cin tuwo, wai ya san irinsu, akwai uku a unguwarshi. Sau da yawa nakan yi mashi tayin in gaya mashi yadda ta ƙare. Sai ya toshe kunne da yatsu, tsoho da gemu.

Matarshi, wadda nike ce ma Inna, ita ta ja ni bayan ɗaki wata rana ta nuna mani wani ɗan taure ja a ɗaure ga turke, ga harawa ga dusa gabanshi. Ta ce Kawu ya saye shi tun ranar da munka fara. Wai ranar da ya kai fallen ƙarshe za a yanka, a toya waina, a kira maƙwabta. Har ya je ya tambayi liman ko da laifi, liman ya ce godiya ga Allah ba ta da laifi ko a kan mi. 'Yan fito suna ce mashi alaramman boko, yana dariya tare da su.

Na tambaye shi zancen tauren. Bai yi dariya ba ran nan. Ya ce shi dai tun da uwa ta haife shi bai taɓa kai wani littafi ƙarshe ba. Ya ga sa'o'inshi sun yi sauka yana tsaye cikin ruwa har gwiwa. Babban littafi ya wuce shi, ya sani, amma ko wanga ƙarami yana son ya ga bayanshi da idonshi. Sannan ya jawo ni cikin rana ya buɗe mani ido da yatsa. Yanar ido ce, fara-fara, ta fara rufe na hagu, ta taɓa na dama. Shi ya sa bai yarda mu yi karatu sai da hantsi.

"Idon ga bai fi rani guda ba, Malam. Mu yi sauri, amma kar mu yi tsallake."

Na ji wagga magana da kunnena. Ina faɗi ne don kar wani ya nema mani uzuri ya ce ban sani ba.

Rani ya yi nisa, saura falle tara. Wata kasuwa na zo Goronyo tare da wasu abokan aiki biyu daga Wurno, malaman ofis, masu agogo da takalmi sau-ciki, irin waɗanda nike son su ɗauke ni wani abu. Saboda su ban sauka gidan Kawu ba, munka zauna rumfar wani mai shayi. Hantsi na ɗagawa, Kawu ya ga rana za ta wuce shi, sai ya biyo ni kasuwa da gafakarshi. Ya tuɓe takalmi nan gaban jama'a, ya durƙusa cikin ƙura, ya zaro falle ya ce ya kawo karatu.

Ɗaya daga cikinsu ya leƙa ya gane littafin. Ya tuntsire da dariya har shayi ya sarƙe shi. Ɗayan ya dube ni ya ce ashe shehi gare mu ba mu sani ba, yaushe za a naɗa maka rawani? Kunya ta rufe ni, ta juye ta zama fushi, kuma maimakon in sauke shi kan masu dariya sai na sauke shi kan tsoho.

"Kawu, don Allah tashi, ka ishe ni! Wanga ba fiƙihu ba ne. Ƙarya ce wani ya zauna ya shirya, ɗan firamare kwana biyu yake cinye ta. Tafi ka karanta abinka, ka bar ba ni kunya."

Masu dariya sunka koma kan shayinsu. Kawu ya mai da fallen wurinshi, ya gyara tsinke, ya ɗaure gafaka a hankali. Ya sa takalmi. Ya ce Allah shi ba Malam haƙuri, ya tafi. Ko da yamma da zan koma Wurno ban biya gidan ba, na ce sai zuciyata ta huce. Wai ni ne mai zuciyar da za ta huce!

Kasuwa ta gaba kunya ta hana ni. Ta bayanta na ce kekena ba lafiya. Sai ruwa ya sauka, fadama ta cika, hanya ta yanke, na samu dalilin da ba wanda zai ƙaryata. Kafin kaka anka mai da ni ƙasar Rabah, da ƙarin girma. Can ma na ci gaba da buɗe akwatina ina zaɓa ma mutane littattafai, ana yaba mani. Sau guda Kawu ya aiko mani da kwandon albasa ta hannun wani mai jakai, da saƙo kalma biyu: falle tara. Na ce a gaya mashi na ba shi izini, ya ƙarasa. Mai jakan ya komo bayan wata ya ce Kawu ya ce a gaishe ni, amma izini ba ya hawa jaki. Na yi dariya na ce tsohon nan da taurin kai yake. Daga Rabah zuwa Goronyo, in na yi sammako na bi ta Marnona, yini guda ne a keke. Yini guda. Na san hanyar kamar tafin hannuna.

Sai da rani ya wuce, wata damina ta bi bayanshi, sannan mahaifiyata ta aiko ta ce in ban je na gai da wanta ba kar in ƙara taka ƙofar ɗakinta. Na tafi.

Na ishe shi zaune ƙofar gida da hantsi, fuska sama. Ƙararrawar kekena ya ji ya ce Malam ne? Ya lalubo ya sauka daga kan buzu ya bar mani. Idanun duka biyu sun yi fari fat. Na durƙusa na kama ƙafarshi, na ce Kawu ka gafarta mani. Ya ce haba, mi anka yi? Ya tambayi hanya, ya tambayi uwata, ya tambaya ko gero ya yi a Rabah.

Inna ta kawo gafakar ba wanda ya ce ta kawo. Tsinken na nan inda munka bar shi. Fallayen baya sun yi baƙi don shafa, gefensu duk ajami. Taran nan kuwa fari tas, kamar yau anka buga su. Inna ta ce duk ranar kasuwa sai ya fito da su da hantsi ya zauna yana bitar na baya, har ranar da ya daina ganin komi. Yana iya karanta su tun tuni, kwana uku sun ishe shi. Bai buɗe ba.

Na ce bari in karanta mashi yanzu, tun daga tsinke har ƙarshe, ya bi bakina kamar da. Ya girgiza kai.

"Wannan jin labari ne, ɗana. Tun ina goye nika jin labari. Karatu niy yi nufi."

Ran nan ne ya fara ce mani ɗana tun da munka buɗe littafin. Na gane an rufe makaranta. Akuyoyi na kuka bayan ɗaki. Can sai ya juyo, shi da yake toshe kunne, ya ce tun da dai ba shi kaiwa can da ƙafarshi, in gaya mashi abu guda, baƙon ya komo?

Na ce ya komo, Kawu.

"To madalla. Ya ishe mutumen da sauran ƙarhinai?"

A littafin ya ishe shi lafiya lau, har anka yi biki. Na hau mai da fallaye cikin gafaka. Kawu bai matsa ba. Ya ɗaga murya ya kira Inna, ya ce a nemo mahauci, baƙo ya zo daga nesa kuma ba a barin baƙo da tuwo gaya. Na ce a'a, na roƙe shi, na ce a bar tauren. Ya ce a bar shi ya jira mi?

Tauren ya yi ƙiba ƙwarai, shekara biyu yana cin dusa. Da la'asar anka kawo akushi, Kawu ya laluba ya tsamo tsoka mafi kyau ya tura gabana, ya zauna yana saurare ya ji ko ina ci. Na ci. Shekara fiye da hamsin ke nan, gafakar na cikin akwatina, kuma ban ƙara zaɓa ma kowa littafin nan ba.