Baba Tela da Notin Tayar Baya

Tun da idonsa ya daina ganin kafar allura, Baba Tela ya lulluɓe keken ɗinkinsa da tsohon zane ya bar shago. Matarsa ta riga ta rasu, 'yarsa tilo kuma tana aure a gari mai nisa. Takan kira shi a waya, amma kullum da kukan yaro a bayanta, gaisuwar ba ta kaiwa ko'ina. Mutumin da ya saba da hayaniyar masu karɓar ɗinki, ga shi sai ya yini bai buɗe baki ba in ba don tari ba.

Abin da ya rage masa na taɓawa shi ne tsohon baburinsa da ke jingine a tsakar gida. Ya yi niyyar cire tayar baya, sai notin ya ce bai san zancen ba. Tsatsa ta cinye shi, ya kafe.

Da haka ya fara zuwa rumfar Dogo, bakaniken da ke bakin layi.

"Dogo, ara mini sifana mai lamba sha tara."

"Baba, turo shi nan mana. Kafin ka gyara zama na kunce maka."

"Ni da na yi rayuwata ina warware ɗinkin da wasu suka ɓata? Miƙo dai."

Dogo ba ya ba da aron kayan aiki a tafi a manta. Ƙa'idarsa a dawo da su kafin ya rufe rumfa. Wannan ya yi wa Baba daidai: zuwa biyu ke nan a rana, kowanne da ɗan zama a benci. Mai faci da ke gefe yakan tsoma baki.

"Ya mai taurin kan naka?"

"Yana nan, ya fi ka kafiya."

"Zuba masa kananzir ya kwana. In ya ƙi, ka yi masa wa'azi."

Baba ya zuba kananzir. Ya ari guduma ya bubbuga gefen notin. Ya ari filaya, ta zame ta ƙuje masa yatsa, aka yi kwanaki ana tsokanarsa a rumfa. In ya koma gida yakan maimaita wa kansa maganganun, yana murmushi shi kaɗai.

Ranar nan Dogo ya haɗa masa da guntun bututun ƙarfe. "Zura sifanar a ciki, ka taka da ƙafa. Hannu ba zai iya ba."

Baba ya dafa bango ya taka. Notin ya yi wata ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya juya.

"Ya kunce!" ya faɗa da ƙarfi, har ya waiga wajen ɗakin girki.

Babu kowa. Ya tsaya da notin a tafin hannu, ɗan abu baƙi da bai kai ya cika hannun ba. Ya daɗe zaune a bakin ƙofa yana goge sifanar, ko da yake ta riga ta yi fes. Gobe da wane dalili zai je rumfa? Shi ba mai zaman banza a wurin sana'ar mutane ba ne, a zamaninsa ma korar irinsu yake yi.

Da yamma ya mayar da kayan.

"Yaya, Baba?"

"Ya kunce."

"Madalla! Ka huta." Dogo ya jefa sifanar cikin akwati, ya koma ƙarƙashin wani babur.

Baba bai tafi ba. Ya dubi bencin, ya dubi hanya, ya gyara murya.

"Amma fa na tayar gaban ma ban yarda da shi ba."

Dogo ya ɗago kai ya ɗan dube shi.

"Wannan sha bakwai ne, sifanar tana hannun mai faci. Zauna, Baba, sai ya gama da ita."

Baba Tela ya kakkaɓe bencin da hannu, ya zauna.